Bututun da ba ya wari: lacca kan haɗarin bututun tattara gas a Amurka

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓa yau in Allah ya yarda, kuma malam mai riƙe da agogo ya yi mini afuwa tun yanzu.

Na farko, wane bututu muke nufi. Gas yana fitowa daga rijiya ɗanye, da ruwa a cikinsa da wasu gurɓatattun iskoki. Bututun da ke kwaso shi daga bakin rijiyoyi zuwa masana'antar tacewa, shi ne bututun tattarawa. A da ƙanana ne, inci 2 zuwa 12, matsin iskar ma kaɗan. Da aka shiga fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ana ciro gas a jihohin Pensilbaniya da Teksas, sai aka fara shimfiɗa masu inci 24, har 36, da matsi irin na manyan bututun da ke ratsa jihohi. Suna bai canza ba, doka ma ta daɗe ba ta motsa ba. Akuya ta zama raƙumi, har yanzu da igiyar akuya ake ɗaure ta. (Dariya.)

Amma ku bar ni in tsaya a kan wari, don shi ne ya fi damuna. Gas ba shi da wari. Ku sake ji: ba shi da wari ko kaɗan. Wannan ɗoyin da kuke ji in tukunyar gas ta yi yoyo, wani sinadari ne, mercaptan, ake zubawa da gangan. Kun san abin da ya jawo? Ranar 18 ga Maris 1937, a garin New London da ke Teksas, wata makaranta ta tarwatse. Sun jawo ragowar gas daga bututun wani kamfanin mai don su rage kuɗin ɗumama ajujuwa, ya yi ta yoyo yana taruwa a ƙarƙashin gini, ba wanda ya ji komai. Mutum kusan 300 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. A shekarar nan jihar ta kafa dokar sa wa gas wari.

To, gas ɗin da ke cikin bututun tattarawa galibi ba a zuba masa wannan sinadarin, sai can gaba bayan an tace. Ke nan halin 1937 yana nan kwance a bayan gidajen mutane. Wani zai ce, ai malam wani ɗanyen gas ɗin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gaskiya ne, in akwai wata iska mai guba da ake kira hydrogen sulfide a ciki. Sai dai shi mayaudari ne: yana kaɗan za ka ji shi, in ya yi yawa sai ya kashe maka jin wari, ka ɗauka ya wuce, alhali lokacin ne ya fi kisa. Hancin da ka dogara da shi, shi za a fara rufewa.

A watan Agusta 2018, a gundumar Midland ta Teksas, bututu mai inci 10 da ke 'yan taku kaɗan daga wani gida ya yi yoyo, gidan ya kama da wuta, yarinya 'yar shekara 3 ta rasu. Inna lillahi. Babu warin da zai ce wa iyayen ku fita.

Na uku... a'a, na biyu nake ko? To, alƙaluma. Za ku ji ana cewa haɗurran waɗannan bututu ba su da yawa. Ku tambayi mai faɗa: wa ya ƙirga? A dokar tarayya, in gidajen da ke cikin yadi 220 hagu da dama da bututun, a tsawon mil guda, ba su wuce 10 ba, wurin ƙauye ne, kuma shekara da shekaru bututun tattarawa na irin wannan wuri ba sa kai rahoto ga PHMSA, wato hukumar tarayya mai kula da lafiyar bututu. Sai a watan Nuwamba 2021 hukumar ta fitar da ƙa'idar da ta tilasta kai rahoto a kan sama da mil 400,000. Kafin nan, ba a san adadin haɗurran ba, ba a san tsawon bututun ba. Yara masu lissafi, in ka raba abin da ba ka sani ba da abin da ba ka sani ba, me za ka samu? (Dariya.) Ko yanzu ma ba kowane yoyo ke shiga littafi ba. Sai an yi rasuwa, ko an kwantar da wani a asibiti, ko asarar dukiya ta haye wani ma'auni, ko gas ya tsere har ƙafa miliyan 3 na awon kubik.

Dalilan fashewa kuwa, a gurguje: tsatsa daga ciki saboda ruwan da ke cikin gas, masu haƙa da ba su kira lamba 811, wadda ake kira a nuna maka inda bututu yake, ba kafin su sa katafila, sai motsin ƙasa. Satumba 2018 a gundumar Beaver ta Pensilbaniya, ƙasa ta zaftare bayan ruwan sama, bututu mai inci 24 ya fashe ya ƙone gida, kwana bakwai kacal da fara aikinsa.

Na'am, malama, ga hannunki.

(Tambaya: Malam, nisa nawa ya kamata gida ya yi da irin wannan bututu?)

Yauwa, Allah ya yi miki albarka, da na manta da wannan. Akwai lissafin da hukumar ke amfani da shi, ya dogara ne a kan faɗin bututu da matsin iskar. Mai inci 24 da matsin fam 1,000 a kan kowane murabba'in inci, da'irar da wutarsa ke iya yin mummunar ɓarna ta kai kusan mita 160 ta kowane ɓangare. Ki lura, ma'auni ne na tantance haɗari, ba dokar hana gini ba ce, kuma zafin wuta ba ya tsayawa cak a kan layin da aka zana. In faɗin ya ninka, nisan ma ya ninka. Malam mai agogo, na gan ka, na gan ka. Akwai wani hannu can kusa da ƙofa, a miƙa masa lasifika.