Kwashe Laka Ba Ya Wanke Gona

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da madatsar dagwalon wata masana'anta ta ɓalle, kafin mako ya zagayo sai mu ji kakakin kamfani yana cewa an shawo kan lamarin. Wannan magana ta ishe ni. Lakar da ido ke gani kawai aka kwashe, amma dalma da arsenik da kadmiyam da suka ratsa ƙasar noma suna nan daram, domin ƙarfe ba ya ruɓewa kamar taki, kuma damina goma ba za ta wanke shi ba.

A watan Afrilun 1998, madatsar wata mahaƙa a Aznalkollar da ke kudancin Sifaniya ta fashe, laka mai guba ta bi kogin Guwadiyamar ta malale fiye da hekta 4,000. An kankare saman ƙasa, manyan motoci suka yi ta jigila wata da watanni, amma daga ƙarshe hukuma ta karɓe gonakin ta hana noma a cikinsu. Da a ce kwashe laka yana wanke gona, me zai sa a raba manomi da gadon ubansa?

Za a ce an auna ruwan kogi an ga ya dawo daidai. Ai ruwa wucewa yake yi, ƙasa ce ke riƙe guba, kuma da zarar ta yi tsami sai ta sakar wa saiwa. Ganye zai fito kore shar, zangarniya ta cika, manomi ya yi girbi yana murna, alhali abin da zai lalata ƙodar iyalinsa yana cikin ƙwayar. A Toyama ta ƙasar Japan, inda wata mahaƙa ta daɗe tana sakin kadmiyam a kogin Jinzu, shinkafa ta zuƙe shi har ƙasusuwan mata suka riƙa karyewa. Gwamnati ta amince da musabbabin cutar a 1968, amma sai a 2012 aka kammala sauya ƙasar gonakin.

Saboda haka kada wata hukuma ta rufe fayil don laka ta bushe. A auna ƙasa da amfanin gona shekara bayan shekara a ɗakin gwajin da ba ya cin abincin kamfani, a danƙa wa manomi sakamakon a hannunsa, kamfanin da ya yi ɓarnar kuma ya biya kuɗin gwajin da diyyar kowace damina da gonar ta kwana ba shuka.