Darasin Abinci da Lafiya: Abin da Tuwo Ke Komawa a Jikin Mutum

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin darasin abinci da lafiya daga nan Birnin Kebbi. Mutanen Argungu, Jega, Yawuri, Zuru, da duk inda muryar nan ta kai, ina gaishe ku. Yau maganarmu a kan kabohaidiret ce, rukunin abinci mai ba da ƙarfi: shinkafa, gero, dawa, masara, rogo, dankali, rake, zuma. Kusan duk abin da ke cika kwanonmu safe da dare.

To, mu fara daga fadama. Shukar shinkafa tana zuƙo ruwa ta saiwa, ganyenta yana shaƙar iskar kabon-dayoksaid, hasken rana ya haɗa su, sai a samu wani sukari da ake kira gulukos. Kowace ƙwayar gulukos tana da kabon 6, haidirojin 12, oksijin 6. 'Yan sakandare ku rubuta, C6H12O6, don yana fitowa a jarrabawa.

Yanzu kowa ya kawo carbi a zuciyarsa. Ƙwaya ɗaya ita kaɗai, wannan shi ne gulukos, ko ɗan'uwansa furuktos da ke cikin zuma da mangwaro. In aka ɗaura biyu, gulukos da furuktos, an samu sukarin rake, wanda muke zubawa a shayi. Madara ma tana da nata mai ƙwaya biyu, laktos. In kuwa aka shirya gulukos ɗaruruwa har dubbai a zare guda, shi ne sitaci, abin da shuka ta ajiye wa 'ya'yanta a cikin ƙwayar hatsi. Kun ga ke nan, tuwo da sukarin shayi 'yan gida ɗaya ne. Tsawon zaren ne ya raba su, kuma wannan tsawon shi ne kan maganarmu yau.

Jiki ba ya shigar da zare cikin jini, sai an tsinka shi ƙwaya-ƙwaya. Aikin tun daga baki yake farawa, domin yawu yana ɗauke da wani sinadari, amiles. Ku gwada a gida: a ɗebi loma ta farar shinkafa ba miya, a yi ta taunawa ba a haɗiye ba. Can za a ji ɗan zaƙi-zaƙi ya fara fitowa. Ba sukari aka zuba ba, sitacin ne ya fara tsinkewa.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan a aikace. Hajiya, idan kika dama kunun zaƙi ya yi kauri, kika kawo niƙaƙƙen ɗanyen dankali ko tsiron hatsi kika zuba, kika rufe ya kwana, me kike tararwa da asuba? Ya tsinke, ya yi ruwa, ya yi zaƙi. Amiles ne na cikin dankalin da tsiron ya yi aikin da yawu ke yi. Ni wannan abu yana burge ni ƙwarai, domin ilimin sinadarai ne tsantsa a cikin roba, a tsakar gida.

Sauran aikin a ƙaramin hanji ake gama shi, gulukos ya shiga jini. Kowane giram na kabohaidiret yana ba da kalori 4 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin abinci), giram ɗaya na mai kuma 9. Ƙwaƙwalwar baligi ita kaɗai tana cin gulukos kusan giram 120 a yini. Abin da ya yi saura, hanta takan ajiye kimanin giram 100, tsoka ta ajiye wajen giram 400, a wani tsari da ake kira gilaikojin. Ajiyar hanta ita ce ke riƙe mai azumi, kuma tana raguwa yayin da rana ke yi. Shi ya sa in an kai dabino baki da magariba, nan da nan ido ke washewa, saboda sukarinsa gajere ne, ba ya buƙatar dogon aiki. In rumbunan nan biyu sun cika kuma ana ta ƙarawa, sai jiki ya mayar da ragowar kitse.

Mai buɗe wa gulukos hanya ya bar jini ya shiga tsoka shi ne insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi ke fitarwa, likitoci na kiranta fankiriyas. A shekarar 1921 aka gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Idan ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sukari ya taru a jini, shi ne ciwon suga.

A nan nake so mu tsaya da kyau. Ana yawan cewa mai ciwon suga ya bar tuwo, ya bar shinkafa, har mutum ya rasa abin da zai ci a gidansa, ya rame, ya shiga damuwa. Ni ban yarda da tsoratar da mutane haka ba. Abin dubawa shi ne yawan da aka ci, da saurin da yake shiga jini. Kuma akwai abin da ke rage wannan sauri: dusa, ɓawon wake, ganye. Su ma kabohaidiret ne, selulos, gulukos ne aka ɗaura da wani irin ƙulli da cikin ɗan'adam ba ya iya kwancewa. Saniya tana iyawa, don tana da ƙananan halittu da ido ba ya gani a tumbinta masu yi mata aikin. Mu kuwa wucewa yake yi, amma a hanya yana jinkirta sukari, yana sa ƙoshi, yana hana taurin bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na irinsa a yini.

Saboda haka, in ana surfe, kada a bi gero da dawa har sai sun yi fari tas. Shinkafa in za a dafa, a haɗa ta da wake, a yanka zogale ko rama. Shinkafarmu ta gida da mata ke turarawa kafin a kai inji, kada ku raina ta don ba ta kai ta shago haske ba. Turarin nan yana tura bitamin B1 daga dusa zuwa cikin ƙwayar, sai ya tsira bayan an cashe. Tuwon da ya kwana ma, taurin da kuke gani sitaci ne ya sake ɗaurewa, kuma wani kaso nasa ba ya narkewa da wuri ko an yi ɗumame. Sai dai a ɗumama shi ya yi zafi har ciki.

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne abin sha. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, ƙaramin cokalin shayi 12. In an iya komawa rabin haka, ya fi. To, kwalbar lemo irin na kola mai santilita 35 takan ɗauki kusan giram 35. Ƙara shayin safe a teburin mai shayi, ƙara zoɓo, ƙara sukarin da aka ambaɗa a fura. Lissafin ya wuce tun kafin la'asar.

Akwai tambaya daga wata baiwar Allah a Jega. Ta ce ɗanta ɗan wata goma ne, koko kawai yake sha, yana ƙoshi amma ba ya girma. Malama, Allah ya raya shi. Koko ƙarfi yake bayarwa, ba ya gina jiki, kuma in ya yi ruwa-ruwa cikin yaro kan cika kafin ya samu abin kirki. Ki dama shi da kauri, ki sa garin gyaɗa ko na waken suya, ki daka busasshen kifi ki tankaɗe ki zuba, ki ɗiga manja kaɗan. Ki ci gaba da ba shi nono. In kin ga ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zubewa, kada ki jira, ki kai shi asibiti a ranar, domin alamar tamowa ce.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar wake, kifi da ƙwai. Wassalamu alaikum.