Jelifish mai ido 24, da abin da ke fitowa a komar Jamestown

RABI: Salamu alaikum, daga Nima muke, a birnin Accra. Yaya Mumuni, hoton nan na wata halittar ruwa mai ido 24 tun jiya yake yawo a guruf ɗinmu na WhatsApp, rabin mutane na cewa haɗi ne.

MUMUNI: Ba haɗi ba ne, ƙanwata. Jelifish ne, halittar ruwan nan mai yauƙi mai harbi, irin mai siffar akwati. A Hong Kong aka samo shi, a Mai Po, cikin kududdufan kiwon jatan lande. Masana daga Jami'ar Baptist ta can suka yi ta ɗibarsa tun 2020, sai a 2023 suka sanar. Jikinsa santimita ɗaya da rabi, kamar farcen babban yatsa, garai-garai sai ka ce ruwa ne ya daskare. Amma ido 24!

FUSENI: Ashe ya kamo Hajiyarmu.

RABI: Ina! Hajiya tana fuskantar alƙibla take ganin wanda ya buɗe tukunyar wake da shinkafa.

FUSENI: Ranar da na tsami nama, ai tana ɗaki, labule a sake.

RABI: Har ta faɗi tsoka nawa.

FUSENI: Biyu. Kuma biyun ne, wallahi.

MUMUNI: Allah ya ƙara mata lafiya. Ku bari in ƙarasa. Idanun rukuni huɗu ne, shida-shida. A kowane rukuni biyu ke ganin siffar abu, huɗu haske kawai suke ji. Ba ƙwaƙwalwa irin tamu, ba zuciya, ba ƙashi. Ni abin da ya taɓa ni shi ne haƙurin mutanen nan. Jelifish ɗin yana da ɗan'uwa a tekun Karebiyan, Tripedalia cystophora, kamanninsu ɗaya in ba ka ƙura ido ba. Da sun yi gaggawa sai su ce shi ne. Sai da suka gwada ƙwayoyin halitta, suka duba ƙafafun da ke kowace kusurwa, uku-uku, masu faɗi kamar filafilin kwale-kwale, sannan suka raɗa masa Tripedalia maipoensis. Na farko sunan dangi, na biyu sunan garinsu.

RABI: Kamar mu ce wane Bakano.

MUMUNI: Yauwa! To ku je bakin teku a Jamestown da asuba ku ga ana jan koma. Abin nan mai yauƙi yana fitowa tuli, masunta su watsar a yashi, rana ta narkar da shi. Wa ya taɓa ɗaukar ɗaya a kwalba ya kai Jami'ar Ghana da ke Legon, sashen nazarin teku da kifi? Abin yana damuna ƙwarai.

FUSENI: Ni ɗaya ya taɓa shafa na a Labadi ranar yawon Sallah, ƙafa ta yi rudu-rudu kamar bulala.

RABI: Yaya, mun yi alkawarin faɗin abin da mutum zai yi in jelifish ya harbe shi.

MUMUNI: Ga kiran magariba can. Kada dai a sosa, kada a murza da yashi. Saura sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.