Jarrabawar AP ta ilimin halayyar ɗan Adam: yadda ake shirya mata

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wannan bidiyo na ɗaliban sakandare ne masu shirin zana jarrabawar AP (Advanced Placement, wato kwas na matakin jami'a da ake yi tun a sakandare) ta ilimin halayyar ɗan Adam, da kuma iyayen da ke son sanin abin da yaransu ke fama da shi. Hukumar College Board ta Amurka ce ke shirya ta a watan Mayun kowace shekara. Makin daga 1 zuwa 5 ne, kuma jami'o'i da dama a can suna ɗauke wa ɗalibi kwas ɗin farko na fannin idan ya ci da kyau. Wasu suna karɓar 3, wasu sai 4 ko 5.

Tun Mayun 2025 fasalinta ya sauya. Yanzu a kwamfuta ake rubuta ta, cikin manhajar Bluebook. Kashi na farko tambayoyi 75 ne na zaɓi cikin minti 90, kuma shi ke ɗauke da biyu bisa uku na makin. Kashi na biyu tambayoyi biyu ne na rubutu cikin minti 70. Darussan biyar ne: jiki da ƙwaƙwalwa, tunani da riƙe abu, girma da koyo, zamantakewa da ɗabi'a, sai lafiyar jiki da ta hankali. Idan littafin da yayanku ya bar muku yana maganar tambayoyi 100, to tsohon tsari ne, ku nemi sabo.

Abin da nake so ku kama shi ne, wannan fanni da kansa ya yi bayanin yadda ake karanta shi. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya auna abin da ya rage masa bayan sa'a ɗaya, bayan kwana ɗaya, bayan wata. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, daga baya take lafawa. Ya kuma ga cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya zauna wa mutum. Saboda haka minti talatin kullum tun daga Janairu ya fi kwana uku babu barci a watan Mayu.

To wace irin bita? A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a Jami'ar Washington da ke St. Louis, sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi. Wasu kuwa zama ɗaya suka yi a kansa, aka karɓe takardar, aka ce su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu rubutawa da ka sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita karatu kashi 40. Kuma masu maimaitawar su ne suka fi tabbacin ba za su manta ba. Wannan yana ba ni tausayi, domin na san ɗalibai masu ƙwazo da ke kwana suna ja wa littafi layi da alƙalami mai launi, suna jin karatu ya zauna, alhali idonsu ne kawai ya saba da shafin. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a wanke allo sai an kife shi an biya wa malam da ka. Haka za ku yi: ku rufe littafi, ku rubuta abin da kuka tuna a farar takarda, sannan ku buɗe ku ga inda kuka yi tuntuɓe.

Amma hadda kaɗai ba ta isa ba, domin da wuya a ce muku ku kawo ma'anar kalma. Ɗan labari za a ba ku, a ce wace ƙa'ida ce ke aiki a ciki. Ga misalin da ke kayar da mutane kowace shekara, daga aikin masanin halayya B. F. Skinner. Direba ya shiga mota, ƙararrawa ta dame shi, ya ɗaura bel, ƙarar ta tsaya. Gobe yana shiga zai ɗaura. Da yawa sai su ce horo ne, wato hukunci, tunda akwai abu mai ban haushi. Ba horo ba ne. An cire masa abin da ke damunsa, halin ya ƙaru, wato ƙarfafawa ce ta hanyar cirewa. Horo rage hali yake yi. Tambaya biyu za ku riƙa yi wa kanku: halin ƙaruwa ya yi ko raguwa? An ƙara wani abu ne ko an cire? Kuma duk kalmar da kuka koya, ku nema mata misali daga gidanku ko ajinku.

Sai tambayoyin rubutu. A ta farko za a ba ku taƙaitaccen rahoton wani bincike, ku faɗi irin hanyar da aka bi, yadda aka auna abin da ake nema, ma'anar alƙaluman, ƙa'idar kare mahalarta, da ko sakamakon zai hau kan sauran jama'a. Ku gwada hannunku da binciken Stanley Milgram na 1961 a Jami'ar Yale, inda mutum 26 cikin 40 suka bi umarni har suka danna maɓallin volt 450, suna zaton da gaske wutar na kama wani. Duka arba'in ɗin maza ne daga yankin New Haven, don haka ba za a yi saurin ɗora sakamakon kan kowa ba. An kuma yaudare su, an jefa su cikin damuwa. A nan ku rarrabe abu biyu da ake yawan haɗawa: zaɓo mahalarta ta hanyar ƙuri'a shi ke ba da damar faɗaɗa sakamako, raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a shi ke ba da damar cewa wannan ne ya haddasa wancan. Idan ba gwaji aka yi ba, alaƙa kawai aka gani, kada ku rubuta “ya haddasa”.

Ta biyun tana da minti 45 da rahotanni uku. Ku fito da matsayarku a jimla ɗaya, ku kawo hujja daga rahotanni biyu daban, ku ambaci lambar kowanne, sannan ku ɗaure kowace hujja da wata ƙa'ida daga darasi, ba tare da maimaita ƙa'ida ɗaya ba. Masu duba takarda ba salon magana suke nema ba, amsa suke nema kai tsaye. Tsofaffin tambayoyi da ma'aunin makinsu suna shafin College Board kyauta. Ku sa agogo ku amsa ɗaya kowane mako, ku duba kanku da ma'aunin.

Kafin ranar, ku buɗe Bluebook ku yi gwajin da ke ciki, don kada manhajar ta zame muku baƙuwa. Daren jarrabawa kuwa ku kwanta da wuri. A darasi na farko kun karanta cewa barci yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta kafe abin da aka koya da rana, kuma wannan tambaya tana iya fitowa da safe.