Cen ya fasa jikin inji: abin da yasa likin baya kamawa

Jama'a salamu alaikum. Tunda bidiyon nan na sufa gulu da yashi ya fara yawo ake ta turo min, wai ashe cikin minti biyar ake like injin mashin. Toh bari mu gani.

Ga mashin ɗin, Boxer ce ta ɗan acaɓa. Cen yayi sako-sako an ƙi ɗaure shi, ana cikin gudu ya sauka ya dunƙule a wajen ƙaramin faranti mai haƙora na gaba, bai samu hanyar wucewa ba sai ya daki jikin inji. Kunga tsagar nan, ga baƙin mai yana tsiyaya.

Kafin komai a duba inda tsagar ta nufa. In ta kai mazaunin boris ko ta ratsa ramin noti, malam ka haƙura da liki, ka tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ka nemi ɓarin inji. Sai dai ka lura, a yawancin mashinan nan lambar inji a jikin ɓarin hagu take, don haka ka riƙe rasit ɗinka da kyau saboda ranar da za a tare ka a hanya. Tamu bata kai can ba, alhamdulillahi.

An juye mai, an cire tanki, an kwance wajen. Ba sai nayi bayani ba kuna gani.

Yauwa, nan ne nake so a tsaya. Wannan ƙarfen alminiyom ne na zubi, yana da ƙananan ƙofofi da ido baya gani, ga ita kanta tsagar ta sha baƙin mai har ciki. Kamar tsohuwar tandar waina ce, ko ka wanke ta tas kana ɗora ta a wuta zata sake fito da maiƙo. Shi yasa zaka ga bakanike ya goge da tsumma da fetur, waje yayi fes, ya shafa gam, kwana kaɗan inji yayi zafi man dake ciki ya taso ya ɗaga likin ta ƙasa. Sai ace gam ɗin jabu ne. Gam bashi da laifi, akan mai aka shafa shi.

Ku kalli yadda oga bakanike yake yi. Ya huda ɗan rami da siririn bakin dirila a ƙarshen tsagar kowane gefe don kar ta ci gaba da tafiya, ya fafe bakinta ta buɗe kaɗan, ya wanke da tina ya bari ta bushe sarai. Sannan wuta a hankali, ba narkarwa zai yi ba, ɗumamawa kawai. Ku zuba ido nan… kunga wannan baƙin layin da ya fito yana ƙyalli? Wajen da muka rantse ya wanku kenan. A bari ya huce, a goge, a sake ɗumamawa, a sake gogewa, haka za'a yi ta yi har ya daina zufa. Sau nawa? Ƙarfen ne zai faɗa maka, in ka goga farin tsumma ya fito fari an gama. Mai mashin dai tun ɗazu yake duba agogo, kuɗin balas na jiransa, amma wallahi wannan wajen baya son gaggawa. Kuma don Allah robar fetur da tina suyi nesa da wutar.

Daga nan hanya biyu ce. In akwai mai waldar agon kusa, wato waldar da ake yi da iskar gas ta agon, ita na fi so. Amma wanda ya saba da alminiyom, domin yana narkewa a wajen digiri 660, siririyar fatar da iska ke haifarwa a kansa kuwa sai zafi ya haura digiri 2000, kuma baya yin ja kafin ya narke, mai waldar ƙofa yana jiran yaga ja sai dai kawai yaga rami. Shi yasa ake kankare fatar da buroshin waya mai tsabta daf da fara aiki. Sil da duk wata roba ta kusa a cire su tukun.

In babu, gam mai haɗi biyu na ƙarfe yana riƙe ƙaramar tsaga irin wannan da bata ɗaukar nauyi. A goga sanfefa waje yayi kaushi, a cusa shi cikin tsagar sosai, a bashi awa 24. Mai saurin bushewar nan na minti huɗu ni dai ban yarda dashi a jikin inji ba. Sufa gulu da yashi kuwa a bar wa masu gyaran takalmi.

Bayan an gama likin an zuba mai, an tayar, an barshi yayi zafi, ga kwali a ƙasa ko ɗigo babu.

Saura cen. A sa sabo tare da farantansa biyu, kar a haɗa sabo da tsoho. Lilonsa a tsakiya kamar santimita 2 zuwa 3, kilif ɗin da ke kulle mahaɗar cen kuma rufaffen bakinsa ya kalli inda cen yake tafiya. Kunga yadda ya sa shi, haka.