Me ya sa tabaran VR ke sa mutum jiri?

Kun dai ga irin bidiyon nan da ke yawo. Saurayi ya ɗaura tabaran VR (wanda ke sa ka ji kamar kana cikin hoton) a shagon gem, ana dariya, can sai ga shi ya dafe bango. Masu sharhi kuwa kowa da tasa: na'urar jabu ce, tana kashe ido, wani ma cewa ya yi a kira mai ruƙiyya.

To, ido lafiyarsa ƙalau. Matsalar daga kunne take. Can ciki akwai 'yan bututu uku masu ruwa da ke auna juyawar kai, da wasu ƙananan tsakuwoyi da ke jin lokacin da jiki ya zabura ko ya ja birki. Wanda ya taɓa danna waya a mota daga Kawo zuwa Zariya ya san abin: kunne na jin tafiya, ido na cewa a zaune kake, sai zuciya ta tashi. A VR juyawa abin yake yi. Ido ya ga gudu, kunne ya ce ƙarya ne, ko motsi ba mu yi ba.

Ga inda ake kuskure. Kunne ba ya auna gudu, canjin gudu yake ji. Tafiya miƙe da sauri ɗaya da sauƙi. Zabura, birki da shan kwana su ne masu tayar da zuciya.   

Shi ya sa masu tsara manhaja suka fito da dabaru. Ka nuna wuri, ka danna, sai ka tsinci kanka a can ba tare da ka ga tafiyar ba. Gem ɗin Half-Life: Alyx na 2020 yana da wannan zaɓin. Juyawa kuma a yi ta tsalle-tsalle, digiri 30 ko 45 lokaci guda. Wasu suna duhunta gefen hoton yayin tafiya. Ni dai wannan ba ya burge ni, amma yana aiki.

Saurin na'ura ma da nasa, hoto 72 zuwa 90 a daƙiƙa, kada ya riƙa sarƙewa. Wannan na wata rana ne.

Masu shago, don girman Allah ku daina fara wa baƙo da jirgin lilon nan mai hawa da gangara. Ku sa masa gem ɗin Beat Saber: yana tsaye wuri ɗaya, akwatunan ne ke zuwa, shi sara kawai zai yi.