Bashin Da Usman Ya Gada Daga Ertugrul

(An rubuto wannan lacca daga faifan muryar wani zama da aka yi da matasan marubuta. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke gaba, iyayenmu mata, ƙannena marubuta, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? To madalla.

An ce in yi magana kan abin da 'yan kallo ke faɗa idan aka gama fim mai dogon zango sannan aka dawo aka ɗora masa ci gaba. Na ga idan na tsaya ina ta shawagi a sama za mu watse ba mu kama komai ba, shi ya sa na ɗauko misali guda da kusan kowa ya sani: Ertugrul da ɗansa Usman. Wanda bai taɓa kallon ko fitowa ɗaya ba ya ɗaga hannu. Mutum uku. [dariya] Ku dai kun huta da sayen data.

Fim ɗin farko, Diriliş Ertuğrul, tashar gwamnatin Turkiyya ta TRT 1 ce ta fara haska shi a Disamba 2014, ya ƙare a Mayu 2019. Zango 5, fitowa 150, kowace fitowa wajen awa biyu. Da aka kai shi Netflix aka yayyanka shi ƙanana sai ya zama 448. Ci gabansa, Kuruluş Osman, ya fara a Nuwamba 2019 a tashar ATV, kuma mutum ɗaya ne ya tsara su duka, Mehmet Bozdag. Ku lura da tazarar: wata shida kacal. Hawayen rabuwa da uba bai bushe ba aka ce wa mutane ga ɗa nan ku karɓa.

Tun daga ranar ake ƙorafi. Na ji shi a shagon masu tura fim a waya, na ji shi a teburin mai shayi, na gan shi a Facebook har na gaji. Kuma abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne ƙorafin nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda marubuci zai saurara ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Akwai wanda idan ya toshe kunne, to ya ci amana.

Na murmushin shi ya fi yawa, don haka ba zan daɗe a kansa ba. "Usman ba abin da ya iya sai zare ido da ɗaga murya." "Ina natsuwar Ertugrul?" Wannan kewa ce kawai ta yi shigar sharhi. Mutane sun yi shekara biyar da fuskar Engin Altan Duzyatan a matsayin Ertugrul, sai aka kawo musu Burak Ozcivit a matsayin Usman, wanda da yawa suka sani a finafinan soyayya. Ko mala'ika aka kawo sai an kushe shi. Za ku ce mini barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka ne, amma karin maganar ba ta ce sai ya taka sawunta ba. Ertugrul shugaban makiyaya ne da ke neman inda zai sauke tantinsa a ƙarƙashin inuwar Sarkin Saljuk. Usman kuwa shi ake jingina wa kafa daular Usmaniyya da aka saba ƙirgawa daga 1299, wadda ba ta faɗi ba sai 1922. Mai neman masauki da mai kafa mulki ba za su yi hali ɗaya ba. A nan ina bayan marubutan.

Inda na rabu da su shi ne kan Dundar, ƙanin Ertugrul.

Bari in ba ku labarin gwaggona. Tsohuwa ce, ba ta karatun boko, fassarar Hausa take kallo a wayar jikanta bayan sallar isha'i, an jingina wayar da kwanon sha. Ta san Dundar tun yana ɗan saurayi. Tana nan lokacin da ƙabilarsu ta Kayi ta rabu biyu a ƙarshen zango na 2, manyan 'yan'uwa, Gundogdu da Sungurtekin, suka ƙi bin Ertugrul, wannan ƙaramin ya ɗaure kayansa ya bi yayansa tare da mahaifiyarsu. Har albarka ta sa masa. To ranar da ta ga wani dattijo mai furfura a sabon fim, aka ce shi ne Dundar, yana ƙulla wa ɗan yayansa makirci saboda kujera, sai ta ture wayar. Ta ce da jikan, "Kashe. Wannan ba yaron nan ba ne, ƙarya suke masa." Kamar an zagi ɗan maƙwabta a gabanta.

Ɗan boko zai ce Gwaggo ba ta san tarihi ba. Gaskiya ne, littattafan tarihin Usmaniyya na farko sun kawo cewa Usman ya harbe baffansa Dundar da kibiya, kuma a zango na 2 haka sabon fim ɗin ya yi. Marubutan ba su ƙirƙiri wannan ƙarshe ba. Amma ni a wajena Gwaggo ta fi ɗan bokon fahimtar aikin rubutu. Tarihi ya ba ka inda mutum ya ƙare. Hanyar da ya bi ya isa can, wannan aikinka ne, kai marubuci, don shi ake biyan ka. Ta yaya yaron da ya bar komai ya bi yayansa ya zama dattijon da zai haɗa kai da maƙiya? Shekaru nawa ya yi yana jiran a ce masa an gode? Sau nawa aka yanke shawara yana zaune ba a waiwaye shi ba? Wannan duka a bayan labule ya faru, tsakanin tsohon fim da sabo, mu ba mu gani ba.

Abin takaicin ma, irin yana ƙasa, shuka ce ba a yi wa ban-ruwa ba. Waɗanda suka kalla da kyau za su tuna farkon zango na 4 na Ertugrul, lokacin da aka ɗauka ya mutu, Dundar ya hau kujera, ya nemi ya sayar da kasuwar Hanli ya kwashe jama'a ya koma. Ga rauni nan, ga mutum mai saurin karaya wanda ya taɓa ɗanɗana mulki aka karɓe. Da an kama wannan zaren aka ja shi a hankali, da Gwaggo kuka za ta yi maimakon ture waya. Sai aka ɗauki hanya mai sauƙi, aka ajiye masa mata biyu, Zuhra da Hazal, suna hura masa kunne. Zugar mata. Ƙannena, wannan ita ce tsohuwar mafakar malalacin marubuci, a Istanbul ko a Kano. [dariya] Iyayenmu mata na ga kuna gyaɗa kai.

Tauraro a labari, idan ya yi shekaru a idon jama'a, ya tashi daga hannunka kai kaɗai. Ya zama kamar yaron da ka ba riƙo. Kai ka haife shi, amma akwai waɗanda suka san abincin da yake so da abin da ke ba shi tsoro. Kana da ikon ka mayar da shi mugu, ka kashe shi ma. Sharaɗin ɗaya ne, a yi a gabansu.

Turgut, mayaƙin Ertugrul, kuma wani irin bashi ne daban, kuma yana ba ni dariya. A tarihi, sunan Turgut Alp ya fi manne da zamanin Usman, da cin garin Inegol. Fim ɗin farko ya aro shi, ya ja shi baya, ya ba shi gatari ya tsayar da shi a gefen Ertugrul, Cengiz Coskun ya hau rawar har jama'a suka haukace a kansa. Da aka zo zamanin da ainihin Turgut ya kamata ya yi aiki, sai lissafin shekaru ya ƙi. Zango biyu ana tambaya ina Turgut, shiru. A zango na 3 sai ga wani Turgut da wata fuska, da sauran ƙuruciyarsa. Shi ne ko ba shi ba ne? Aka bar 'yan kallo suna musu a majalisa. An ci bashi da daɗi a fim na farko, ranar biya ta zo a na biyu. Ku kwatanta da Bamsi, wani mayaƙin Ertugrul, da Selcan Hatun, matar yayansa, waɗanda aka dawo da su da jarumansu na asali, an tsufar da su kawai. Su mutane suka riƙe kamar igiya a rijiya, shi ya sa mutuwar Bamsi ta girgiza har waɗanda ke zagin fim ɗin kullum.

Sai ƙorafin da kowa ya haddace: kullum akwai munafuki a cikin tanti, kullum a kama jarumi a ɗaure, kullum a zo ceto a daidai lokacin da takobi ya ɗaga. Gaskiya ne. Amma ku san daga ina abin yake. A Turkiyya fitowa ɗaya tsawon cikakken fim ce, kuma duk mako sai an kawo sabuwa tun daga kaka har farkon bazararsu. Ana haskawa ana rubuta na gaba. Washegari alƙaluman yawan masu kallo su fito, kuma fim ɗin da ya yi ƙasa ana iya tsayar da shi ko ina ya kai. Ga kuma ƙarancin abin da tarihi ya ajiye: labaran Usman an rubuta su ne fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa, a hannun irin su Ashikpashazade. Abin da aka tabbatar bai cika tafin hannu ba, ana so a cika ɗaruruwan awanni da shi. Me za ka zuba? Munafuki. Idan ya ƙare ka ɗebo wani. Ban ce uzuri ba ne, na ce dalili ne. Kuma kar mu manta Ertugrul ma haka yake, daga Kurdoglu har Sadettin Kopek. A lokacin dabarar sabuwa ce a idonmu, shi ya sa muka yafe. Ɗa ya zo ya tarar an riga an gane sirrin tukunyar.

Yanzu maganar da na san wasu ita suka zo ji: Bala da Malhun, matan Usman. A fim, Bala Hatun 'yar Shehu Edebali ce, auren soyayya, sai haihuwa ta yi jinkiri. Usman ya ƙaro Malhun bisa wasiyyar mahaifinsa, ta haifi Orhan wanda ya gaji mulki, daga baya Bala ta haifi Alaeddin. Duniya ta rabu biyu a kan matan nan, daga Pakistan har ƙasashen Larabawa. A wajenmu kuwa ba sai an yi wa kowa bayani ba, uwargida ce da amarya. Na taɓa zama ina karanta muhawarar wasu mata a kan fitowa ɗaya, na ƙirga tsokaci da yawa kafin in ga wanda ya ambaci abin da ya faru a fim ɗin. Wata tana cewa haƙurin Bala ai wulaƙanci ne, wata tana cewa Malhun me ta yi banda aure na sunna. Kowa labarin gidansu take bayarwa, ta sa masa hular Turkawa.

Irin wannan ra'ayi shi ya fi haɗari ga marubuci, don shi ya fi ƙara, kuma yana da daɗi. Za ka ga ana ta ambaton fim ɗinka ka ɗauka ka yi rubutu. Sai ka fara auna wa kowace mintinta kamar mai rabon kwana, kada magoya bayan ɗaya su yi fushi. Daga nan kuma ba kai ke jan labarin ba.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022 aka ba wata jarumar matsayin Sumayya, kun ji abin da aka yi ta faɗa. Wasu fuska suke kewa, waɗannan lokaci ke maganinsu. Wasu kuma cewa suke Sumayyar da suka sani ba za ta yi kaza ba. Idan kai ne mai alƙalami, waɗannan na biyun za ka ja gefe ka tambaye su me ya sa.

Na ga hannu can baya. Bismillah, Hajiya.

(Wata daga cikin mahalarta ta tambaya ko gwaggon ta koma kallon.)

Ta koma, Hajiya. Bayan kamar mako uku ta aika a kira jikan, ta ce a tura mata inda ta tsaya. Amma har aka kashe Dundar ba ta taɓa kiran sa da sunan ba. "Wancan mutumin" take cewa. Ranar da kibiyar ta same shi, jikan ya juyo yana jiran ya ga ko za ta yi kuka. Sai ta ce a ƙara sauti, ba ta ji abin da Usman ya faɗa ba.